Kotun Gundumar Cook a Shikago: Tambayoyi da Amsoshi Kan Aikinta da Yadda Ake Samun Takardun Shari'a

Duk wanda ya ɗan jima a Amurka, ko yake da ɗan'uwa a can, wata rana sai maganar kotun gunduma ta taso masa: tikitin mota, rikicin haya, mutuwar aure, rabon gado, ko wata takarda da jami'in shige da fice ya ce sai an kawo. Gundumomin ƙasar sun haura 3,000, kuma kowace jiha da nata tsarin, don haka bayani ɗaya ba zai game ko'ina ba. A nan an ɗauki gundumar Cook ta jihar Illinois, inda birnin Shikago yake. Wanda yake wata jihar zai tarar sunaye da adadi sun bambanta, amma ƙashin bayan abin kusan ɗaya ne. Wannan bayani ba ya maye gurbin lauya.

Kotun nan ta wa ce: ta tarayya, ta jiha, ko ta birni?

Ta jiha ce, duk da cewa sunan gunduma take amsawa. Illinois ta kasu gunduma 102, Cook ce ta fi kowacce jama'a. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 5, kuma a duk Amurka gundumar Los Angeles ce kaɗai ta fi ta. Cikakken sunan kotun shi ne Circuit Court of Cook County. Da dokokin Illinois take aiki, Kotun Ƙoli ta jihar ce ke sa mata ido.

Kafin 1964 ƙananan kotuna 161 ne warwatse a gundumar, kowacce da iyakar huruminta, mutum ya yi ta yawo da ƙararsa ana ce masa ba nan ba ne. Gyaran da aka yi wa tsarin mulkin jihar ya dunƙule su wuri guda ƙarƙashin babban alƙali ɗaya. Yanzu alƙalanta sun kai wajen 400, tana kuma cikin manyan kotuna irinta a duniya. Wanda ya san tsarin Najeriya ya ɗauka an haɗa aikin kotun majistare da na babbar kotun jiha a inuwa ɗaya.

Wanda bai gamsu da hukunci ba sai ya nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Illinois, shiyya ta ɗaya, daga nan kuma sai Kotun Ƙolin jihar mai alƙalai 7. Wa'adin shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara kwana 30 ne daga ranar hukuncin ƙarshe, kuma ba a wasa da shi.

Gini nawa ne, kuma wanne zan je?

Ba gini ɗaya ba ne, kuma zuwa inda ba a kira ka ba daidai yake da rashin zuwa. Mafi yawan shari'o'in da ba na laifi ba, da na tikitin mota na cikin birni, ana yin su a Daley Center, lamba 50 West Washington, doguwar benen nan mai launin tsatsa da ke da ƙaton gunkin ƙarfe a gabanta. Manyan laifuka na cikin Shikago suna zuwa kotun Leighton, lamba 2600 South California, maƙwabciyar gidan yarin gunduma. Rikicin duka da barazana a cikin gida yana da nasa ginin a 555 West Harrison. Yara ma suna da tasu kotun, kuma a wannan gunduma ce aka fara kafa kotun yara a 1899.

Garuruwan da ke kewaye da birnin an raba su shiyya biyar, kowacce da kotunta: Skokie, Rolling Meadows, Maywood, Bridgeview da Markham. Adireshi da lambar ɗaki da lokaci duk suna kan sammacinka. Wani zaman ta bidiyo ake yinsa, takardar za ta nuna idan haka ne.

Su wane ne masu hannu a cikin shari'a, kuma wa ke riƙe da takardu?

Alƙali yana sauraro ya yanke hukunci, amma ba shi ke ajiye fayil ba. Wannan aikin magatakardar kotu ne, ofishi mai zaman kansa da jama'a ke zaɓen shugabansa duk shekara huɗu. Dorothy Brown ta riƙe shi daga 2000 zuwa 2020, Iris Martinez ta gaje ta, sannan Mariyana Spyropoulos ta karɓa a ƙarshen 2024. Duk takardar da aka shigar, duk umarnin da alƙali ya sa wa hannu, duk tarar da aka biya, ta hannun wannan ofishi take bi. Idan takarda kake nema, nan ne ƙofarka.

Ofishin lauyan gwamnati na gunduma shi ke gabatar da ƙara a shari'ar laifi. Ofishin lauyoyin kare marasa hali yana tsaya wa wanda ake tuhuma idan ba shi da kuɗin ɗaukar lauya. Sherif kuma shi ke kai sammaci, ya tsare harabar kotu, ya kula da gidan yari, ya fitar da ɗan haya idan kotu ta ba da umarni.

Akwai tarko guda da ke kama mutane kullum. Magatakardar kotu daban, magatakardar gunduma daban. Takardar haihuwa, ta mutuwa, ta ɗaurin aure da ta mallakar gida suna wurin magatakardar gunduma. Hukuncin raba aure kuwa yana wurin magatakardar kotu.

Da gaske ne zaɓen alƙalai ake yi?

Da gaske ne. Manyan alƙalan kotun zaɓensu ake yi na shekara 6, idan wa'adin ya cika kuma sai sunansu ya sake fitowa a takardar ƙuri'a ana tambaya a bar su ko a sauke su. Sai alƙali ya sami kashi 60 cikin 100 yake tsira da kujerarsa. Akwai rukuni na biyu da su manyan alƙalan ke naɗawa na shekara 4. Babban alƙali kuwa takwarorinsa ne ke zaɓensa. Timothy Evans ya hau wannan kujera a 2001, ya yi sama da shekara 20 a kanta.

Me ya sa aka bar kowa ya ga fayil ɗin shari'ar wani? Ba tonon asiri ba ne?

Ga wanda ya tashi inda rufin asiri yake da daraja, abin yana da ɗaci, ba kuma laifi ba ne a ji hakan. Maƙwabcinka zai iya gano cewa an taɓa kai ka ƙara kan bashi. Amma dalilin da ya sa aka buɗe ya fi dalilin rufewa nauyi, kuma tarihin wannan kotu ita kanta ya isa hujja. A shekarun 1980 hukumar FBI ta yi wani bincike na ɓoye mai suna Greylord a cikin kotunan Cook, inda ta bankaɗo yadda ake sayen hukunci da kuɗi. An gurfanar da mutum sama da 90, cikinsu har da alƙalai 17. Shari'ar da ake yi a bayan labule talaka take ci. Wadda ɗan jarida da ɗan'uwan wanda ake tuhuma za su iya bin sawunta takarda bayan takarda, ta fi wuyar murɗewa.

Doka ma a nan ta tsaya. Kotun Ƙolin Amurka ta amince a 1978 cewa jama'a suna da haƙƙin duba takardun kotu, a 1980 kuma ta tabbatar da haƙƙinsu na halartar shari'ar laifi. Dokar Illinois ta ce kundin da ke hannun magatakarda na jama'a ne, dubawa kyauta ce. Ba sai kai ɗan ƙasa ba ne, ba kuma sai ka faɗi dalilinka ba.

Akwai abin da ba a nunawa?

Akwai. Shari'ar yara, ta ɗaukar riƙon yaro, da ta masu taɓin hankali a rufe suke. Haka duk fayil ɗin da alƙali ya ba da umarnin a kulle. A shari'o'in da ba na laifi ba, ƙa'ida ta 138 ta Kotun Ƙolin jihar ta hana rubuta cikakkiyar lambar tsaron zamantakewa, ta lasisin tuƙi ko ta asusun banki a takardar da kowa zai gani, sai dai lambobi huɗu na ƙarshe. Idan kai ne kake shigar da takarda da kanka, nauyin goge waɗannan lambobi a wuyanka yake, ma'aikacin da ke kantar ofishin magatakarda ba zai yi maka ba.

To ta ina zan fara neman fayil?

Ka fara da lambar shari'a. Tana saman kowace takarda da kotu ta aiko maka, kuma ita kanta tana ba da labari. Shekarar da aka shigar da ƙarar ce a farko, sai haruffan da ke nuna sashe, sai jerin lambobi. D na mutuwar aure ne, P na gado, L na manyan ƙararrakin neman diyya, CH na irin su ƙwace gidan da aka kasa biyan bashinsa, CR na manyan laifuka, M1 kuma na ƙananan ƙararraki na cikin Shikago. Da ka miƙa wannan lamba a kanta, rabin aikin ya ƙare.

Idan babu lamba, sai a nema da suna. Shafin intanet na magatakardar kotu yana da wurin bincike kyauta na shari'o'in bashi, aure, gado da tikitin mota. Abin da zai nuna maka jerin abubuwan da suka faru ne: ranar shigar da ƙara, ranar da aka ɗage zama, sunan alƙali, rana ta gaba. Su takardun kansu, galibi sai ka taka zuwa kotu, inda aka jera kwamfutoci don jama'a. Ka zauna, ka buga lambar, hotunan takardun su fito, ka zaɓi wanda kake so a buga maka, ka biya kuɗin kowane shafi. Shari'o'in laifi ma hanyar da aka saba bi ke nan, a je ginin kotu. Tsofaffin fayiloli na takarda suna rumbun ajiya a wani wuri, sai an cika fom an jira kwanaki kafin a kawo.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye shi ne rubutun suna. Muhammad, Mohammed, Mahamadou da Mamadou duk mutum ɗaya ne a wurinmu, amma kwamfuta ba ta san haka ba. Sau da yawa kuma ɗan sanda ko ma'aikaci yakan juya sunan yanka ya zama na mahaifi. Ka gwada kowane salo, ka juya sunayen gaba da baya, kafin ka ce babu komai. Haka nan kada ka ga suna irin na wani ka yanke cewa shi ne. Masu suna Ibrahim Musa suna da yawa, kuma an sha ɓata wa mutum suna da laifin takwaransa.

Zan iya amfani da dokar 'yancin samun bayanai in nemi fayil?

A'a. Wannan doka ta Illinois ba ta hau kan ɓangaren shari'a ba. Wurin magatakarda za ka nema kai tsaye. Rahoton 'yan sanda ne ake nema ta waccan hanya, daga rundunar da ta rubuta shi.

Mene ne bambancin kwafi da kwafi mai hatimi?

Kwafin da ka buga daga kwamfuta na karatunka ne. Hukumomi ba sa karɓarsa. Abin da suke so shi ne wanda magatakarda ya buga wa hatimi ya sa hannu, yana shaida cewa daidai yake da na cikin kundi. Kuɗinsa ya ɗan fi na kwafin banza, kuma farashin yana canzawa, don haka a duba jadawalin ofishin kafin a tafi.

A shari'ar laifi, takardar da aka fi nema ita ce wadda ake kira certified disposition. Shafi ɗaya ko biyu ce, tana faɗin abin da aka tuhumi mutum da shi da yadda aka ƙare: an kori ƙarar, an wanke shi, ko an same shi da laifi. Ka riƙe wannan suna da kyau, domin shi za ka faɗa a kanta.

Fayil ɗin yana ɗauke da duk abin da aka faɗa a gaban alƙali?

Ba ya ɗauke da shi. Rubutaccen zancen da aka yi a zaman kotu yana hannun masu ɗaukar bayanin kotu, ofishinsu daban, kuɗinsu daban, kuma shafi-shafi ake biya. A shari'ar manyan laifuka ana ɗauka. A ɗakuna da yawa na shari'ar da ba ta laifi ba, idan masu shari'ar ba su ɗauko mai rubutawa da kuɗinsu ba, to maganar ta bi iska. Wannan yana da muhimmanci ga mai tunanin ɗaukaka ƙara, domin kotun sama ba ta sake jin shaidu, abin da ke rubuce kawai take dubawa.

An taɓa kama ni, aka kori ƙarar. Yanzu ina neman katin zama ko zama ɗan ƙasa. Sai na faɗa?

Sai ka faɗa. A wannan gaɓa ce mutanenmu suka fi cutuwa, kuma yawanci shawarar abokai a majalisa ce ke jawo musu. Za ka ji ana cewa ai tunda alƙali ya sallame ka magana ta mutu. Ba ta mutu ba. Ranar da aka ɗauki zanen yatsunka, bayanin ya tafi wurin 'yan sandan jiha da FBI, kuma jami'in da zai yi maka tambayoyi yana da shi a gabansa kafin ka zauna. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, yana tambaya ko an taɓa kama ka ko tsare ka, ya kuma bayyana cewa ko da an goge ko an kulle bayanin sai an faɗa. Kamun da bai kai ga hukunci ba sau da yawa ba ya hana komai. Ɓoye shi kuwa ƙarya ce a ƙarƙashin rantsuwa, kuma ita kaɗai ta isa ta rushe neman.

Abin yi shi ne ka karɓi takardar ƙarshen shari'a mai hatimi ta kowane kamu, ka kai wa lauyan shige da fice ya karanta kafin ka cika fom.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani tun shari'ar tana gudana. A Illinois, a ƙananan laifuka, alƙali yakan sa mutum ƙarƙashin sa ido na wasu watanni, idan ya cika sharuɗɗa a kori ƙarar, kuma a dokar jiha ba a lissafa shi cikin waɗanda aka samu da laifi. Dokar shige da fice ta tarayya tana da nata ma'aunin: idan mutum ya amsa laifi aka kuma ɗora masa wani sharaɗi ko tara, za ta iya ɗaukarsa a matsayin hukunci. Tun 2010, a shari'ar Padilla, Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta wa lauya ya gaya wa wanda ba ɗan ƙasa ba idan amsa laifi zai iya jawo masa kora. Ka gaya wa lauyanka matsayinka tun ranar farko. Sirrinka ne a wurinsa, doka ta hana shi fitarwa.

Ana iya goge tarihin shari'a?

Hanya biyu ce. Gogewa tana share bayanin daga kundin 'yan sanda, a cire sunan mutum daga jerin da jama'a ke bincika. Yawanci ta kamun da bai kai ga hukunci ba ce, da kuma sa idon da aka kammala bayan an jira shekara 2, wasu laifukan 5. Kullewa kuwa ba ta share komai, tana ɓoye fayil ɗin ne daga idon jama'a da mafi yawan masu ɗaukar aiki, amma 'yan sanda da kotu suna gani. Yawancin hukunce-hukunce ana iya neman a kulle su bayan wasu shekaru da kammala horo na ƙarshe. Tuƙi cikin maye, dukan iyali, karya umarnin kariya da mafi yawan laifukan lalata ba sa kulluwa.

Ga babba, kada ya zauna yana jiran abin ya faru da kansa. Ana shigar da buƙata a rubuce, a ba lauyan gwamnati da 'yan sanda damar su ƙi, sannan alƙali ya yanke. Ƙungiyar Cabrini Green Legal Aid ta daɗe tana taimaka wa mutane da wannan aiki kyauta.

Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, ga gargaɗi: ka karɓi kwafi mai hatimi, fiye da ɗaya, kafin a goge. Bayan an goge, jami'in shige da fice zai ci gaba da neman takardar, kai kuma sai ka koma gaban alƙali neman izinin buɗe fayil ɗin da kai da kanka ka roƙa a rufe.

Shari'ar shige da fice ma a nan ake ganinta?

A'a. Kotun shige da fice ta tarayya ce, ƙarƙashin ma'aikatar shari'a take, kuma da lambar baƙo mai farawa da harafin A ake bincika ranar zama a shafinta. Shari'o'in kotun tarayya da ke ginin Dirksen a Shikago, da na karyewar arziki, suna cikin PACER, tsarin intanet na duba takardun kotunan tarayya. Ana biyan santi 10 kan kowane shafi, takarda ɗaya ba ta wuce dala 3, kuma idan abin da ka kashe a wata uku bai haura dala 30 ba, an yafe.

An kawo mini sammaci kan bashi ko haya. Idan na ƙi zuwa fa?

Za a yi shari'ar ba kai, mai ƙara ya sami abin da ya nema. Daga nan za a iya yankar albashinka ko a riƙe kuɗin da ke asusunka. Mutane da yawa sai a wannan lokaci suke jin labarin ƙarar. Idan haka ta faru, akwai kwana 30 na roƙon alƙali ya janye hukuncin, kuma a cikin wannan wa'adi ba a cika tsanantawa ba. Bayan ya wuce ƙofar tana ƙuntata ƙwarai. A nan ne duba fayil yake da amfani na zahiri: a ciki akwai takardar da ke nuna wa aka miƙa wa sammacin, a wane gida, a wace rana. Idan tsohon adireshin da ka bari shekaru ne, ka sami abin faɗa wa alƙali.

Game da haya, mai gida ba shi da ikon canza makulli ko fitar da kayanka da hannunsa. Sai ya ba ka sanarwa a rubuce, ta kwana 5 idan rashin biya ne, ya shigar da ƙara, ya yi nasara, sannan Sherif ya zo. Sai dai ƙarar kora tana zama a kundi ko da kai ka yi nasara, kuma masu ba da haya suna bincikawa. Idan za ku sasanta, ka nemi a sa batun kulle fayil cikin yarjejeniyar.

A shari'ar laifi kuwa, rashin zuwa yana iya jawo takardar kamu.

Tikitin mota fa, ba biya kawai ake yi ba?

Ya danganta da irinsa. Na ajiye mota da na kyamarar danja a Shikago ba sa zuwa wannan kotu, wani ofishin birni ne ke sauraronsu. Wanda ɗan sanda ya tsayar da kai ya rubuta, shi ne na kotu, kuma biyansa kai tsaye amsa laifi ne da zai hau kan tarihin tuƙinka. Mai shekara 21 zuwa sama, idan aka same shi da irin wannan laifi sau uku cikin wata 12, za a iya dakatar da lasisinsa. Ga direban tasi ko mai kai kaya, wannan maganar abinci ce. Ya karanta zaɓin da ke jikin takardar da kyau kafin ya biya.

Har yanzu ana biyan kuɗin beli?

A Illinois an daina tun 18 ga Satumba, 2023, kuma ita ce jiha ta farko da ta soke shi gaba ɗaya. Yanzu alƙali ko dai ya saki mutum bisa sharuɗɗa, ko ya ba da umarnin a tsare shi idan mai gabatar da ƙara ya nema ya kuma nuna hatsari ne ga jama'a ko zai gudu. Duk wanda ya bugo waya yana cewa a turo kuɗin belin ɗan'uwanku da ke tsare a Cook, a yi hattara da shi.

Ba na jin Turanci sosai, kuma ba ni da kuɗin lauya.

Kotu tana ba da tafinta kyauta. Na Sifaniyanci da na yaren ƙasar Poland suna nan kullum, na Hausa kuwa sai an nemo, don haka ki sanar da magatakardar ɗakin tun kafin ranar. Kada kunya ta sa ki ce kin gane alhali ba ki gane ba, kada kuma ki bar ɗanki ƙarami ya yi miki tafinta a maganar aure ko ta duka.

Lauyan kyauta na gwamnati na shari'ar laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari. A ƙarar bashi, haya ko aure babu wannan haƙƙi, sai ƙungiyoyin agaji irin su Legal Aid Chicago da CARPLS, da shafin Illinois Legal Aid Online mai fom-fom na kyauta. Kuɗin shigar da ƙara ma ana yafewa: wanda ke karɓar tallafin gwamnati na marasa hali, ko samunsa bai wuce kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya ba, ana yafe masa duka, wanda ya ɗan haura kuma a rage masa. Tun 2018 ta intanet ake shigar da takardun shari'ar da ba ta laifi ba, amma wanda ba shi da kwamfuta ko bai iya ba yana iya cika fom na neman a ɗauke masa.

Ranar zama, a isa da wuri saboda layin bincike a ƙofa. A kotun Leighton ba a barin jama'a su shiga da waya. Da an shiga ɗaki a je wurin magatakarda a faɗi suna, kuma kada a fita sai an karɓi kwafin umarnin da alƙali ya sa wa hannu a ranar, domin rana ta gaba tana jikinsa.

Mijina ya sake ni a gaban malam. Kotu ta san da wannan?

Ba ta sani ba. Idan auren yana da rajista, a Amurka ko a gida, a idon dokar Illinois yana nan har sai wata kotu ta raba shi. Wanda ya sake aure a kan haka zai iya shiga matsala babba, musamman a takardun shige da fice. Tun 2016 ba a neman a tabbatar da laifin kowa, saɓanin da ya ƙi gyaruwa ya isa dalili, muddin ɗayanku ya yi kwana 90 yana zaune a jihar. Hukuncin ne yake fayyace ciyar da yara, lokacin da kowane mahaifi zai yi da su, da rabon dukiya. Ki ajiye kwafinsa mai hatimi inda kike ajiye fasfo.

Ɗan'uwanmu ya rasu a Shikago, mu muna gida. Yaya za mu san halin da dukiyarsa take ciki?

Allah Ya jiƙansa. Ku bincika sunansa a sashen gado na shafin intanet na magatakardar kotu. Idan an buɗe fayil, za ku ga wanda kotu ta naɗa ya kula da dukiyar da sunan lauyansa. Doka ta ce duk wanda wasiyyar mamaci take hannunsa ya miƙa ta ga magatakarda cikin kwana 30 da samun labarin rasuwar, daga nan kuma kowa zai iya karanta ta. Ƙaramar dukiya da babu gida ko fili a cikinta akan raba ta da takardar rantsuwa ba tare da an buɗe fayil ba, don haka rashin ganin suna ba ya nufin an ci amana.

Ku sani kuma kotu ba ta raba gado bisa ƙa'idar Musulunci don kawai mamacin Musulmi ne. Idan bai bar wasiyya ba, dokar jiha ce ke aiki: matarsa ta ɗauki rabi, 'ya'ya su raba rabi daidai wa daida, mace da namiji, iyayensa kuma ba su da kaso idan akwai mata ko 'ya'ya. Wanda yake son a bi rabon addini sai ya rubuta wasiyya tun yana raye ta hannun lauya, ko da yake doka ta ba matar aure damar ƙin wasiyyar ta karɓi sulusi idan akwai 'ya'ya.

Kwafi mai hatimi ana iya nemansa ta wasiƙa, ko wani da ke can ya je ya karɓo, tunda ba sai mai shari'a ne kaɗai ake ba buɗaɗɗen fayil ba. Idan a wata ƙasa za a yi amfani da takardar, ofishin Sakataren Jihar Illinois ne ke ƙara mata tambarin tabbatarwa. Kafin ku biya kuɗin wannan, ku tambayi kotu ko bankin da zai karɓe ta a gida irin tambarin da yake buƙata, da kuma ko sai ta bi ta ofishin jakadanci.